Kalmar sirrin waifai da kunyar maƙwabci

Tun da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, maganar waifai ta fara shiga tsakanin maƙwabta a nan Nassarawo. Gida ɗaya ke sayen data, amma bayan isha'i sai ka ga samari jingine da katangarsa, kowa kansa a kan waya.

Rauta ba ta karɓar kalmar sirrin da ta gaza harafi 8. Ƙa'idar tsarin tsaro na WPA2 ce, wanda aka fito da shi a 2004, kuma yana ɗaukar har harafi 63. Mutanenmu sukan cika sharaɗin da 12345678, ko su sa lambar wayarsu. To lambar da ke rubuce a ƙofar shagonka a kasuwar Jimeta, wadda duk mai tura maka kuɗi ta OPay ya haddace, ina sirri a cikinta? Ni kalmomi huɗu nake haɗawa waɗanda ba su da alaƙa da juna, Hausa da Fulatanci a gauraye, in ƙara lamba a tsakiya. Tana da tsawo, amma uwargida ta riƙe ta ba tare da an rubuta a bango ba.

Akwai kalma ta biyu da ake mantawa, ta shiga saitin rautar kanta. Adireshin yana kan takardar da ke manne a ƙarƙashinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, kuma da yawa suna zuwa da admin a matsayin kalmar shiga. Yaron da ya san wannan zai iya canza komai. A can ne kuma za ka ga jerin wayoyin da ke shan datarka.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne hanawa. Ɗan maƙwabci ya durƙusa ya ce, Baba, zan duba sakamakon JAMB, da wane ido za ka ce a'a? Ko da kai ka shigar masa da hannunka, wayar Android daga 10 zuwa sama tana fitar da hoton QR da abokinsa zai ɗauka ya shiga nan take.

Don haka na kunna layin baƙi, wanda rautoci da yawa ke da shi, da tasa kalmar daban. Ita nake ba duk wanda ya roƙa, ina canza ta ranar da na sayi sabuwar data. Ta gida kuwa daga ni sai uwargida, don yarana ma ta baƙin nake ba su.