Sinanci a Makarantunmu da Kunnen Ɗan Bahaushe

Jama'a, duk shekara idan babban hutu ya gabato, iyayen yaran da suka ratsa ta hannuna a firamare sukan same ni da tambaya iri ɗaya. Yaro zai shiga aji na uku na sakandare, wato katiriyem, inda sai ya ƙara wani harshe a kan Faransanci da Ingilishi. A zamaninmu zaɓin bai wuce Jamusanci da Sifaniyanci ba, sai Larabci a wasu makarantu. Amma tun daga shekarar 2012 Sinanci ya shigo layi, ga shi kuma iyaye sun rasa abin kamawa.

Abin bai faɗo daga sama ba. Kamaru ta ƙulla hulɗa da ƙasar Sin a 1971, kuma mu mutanen Garwa ba ma bukatar a ba mu labarin Sinawa, don su suka gina madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982. A 1996 aka buɗe cibiyar koyon Sinanci a Yawunde, a 2007 ta zama Cibiyar Confucius, sannan a 2008 babbar makarantar horar da malamai ta Marwa ta fara horar da 'yan ƙasa don koyar da harshen. Saboda haka malamin da ɗanka zai tarar a aji, galibi ɗan Kamaru ne irinmu.

Amsar da nake ba iyaye ita ce kada su ji tsoro, kuma ga dalilina. Sinanci harshe ne na karin sauti, wato ɗaga murya ko sauke ta yana canza ma'anar kalma. Suna da kari huɗu. Kalmar "ma" ita ce uwa, ita ce kuma doki, ita ce faɗa, ya danganta da yadda ka rera ta. Abin da ya fi ba ni dariya, ni ɗan 'yan kasuwa, shi ne "mai" yana nufin saye, yana kuma nufin sayarwa, murya kawai ta raba su. Bafaranshe yakan sha wahala a nan, don kunnensa bai saba ba. To, amma wane ɗan Bahaushe ne zai rikita kukan jariri da kukar miya, ko wuyan riga da wuyar aiki? Tun yana goye yake jin wannan bambanci ba tare da an koya masa ba. Ba na cewa karin nasu da namu ɗaya ne, amma wanda ya iya hawan jaki, hawan doki ba zai zame masa baƙon abu ba.

Sai dai a nan ne damuwata take. Wannan jari sai wanda ya tashi da Hausa a bakinsa ke da shi. A nan arewa Fulatanci ya cika kasuwa da titi, wannan kuwa ba laifi ba ne, maƙwabtaka ce. Abin da ke ci mini rai shi ne gidajen da uba da uwa duk Hausawa ne, amma sun daina yi wa yara Hausa, wai don kada Faransancinsu ya lalace. Na ga haka a Birikitari a Yawunde, ina kuma ganinsa a ajina. Yaro zai gaishe ka da Hausa, ka ja shi hira kaɗan, sai ya koma Faransanci, in ma ya yi Hausar, a miƙe take kamar sanda, ba hawa ba sauka. Cikin shekarun da na yi riƙe da alli ban taɓa ganin yaron da Hausa ta hana shi iya Faransanci ba. Waɗanda ke shan wahalar karatu, yawanci su ne waɗanda ba su riƙe ko harshe ɗaya da kyau ba.

Rubutu kam, nan babu gata ga kowa. Sinanci ba shi da abacada, kowace gaɓa da alamarta, kuma sai mutum ya san wajen alamomi 3,000 kafin ya karanta jarida. 'Yan sa'o'in da ake ba harshen a mako ba za su kai yaro nan ba, sai in yana bita a gida. Duk da haka almajirin da ya saba wanke allo ya sake rubutu har ya haddace, ya riga ya san haƙurin da ake bukata.

Wasu iyayen kan ce ai barin Larabci aka ɗauki Sinanci kamar sayar da lahira ne don duniya. Ina girmama wannan tsoro, amma Larabci muna da shi a zaure da Islamiyya, safe da yamma, Sinanci kuwa in ba a makarantar boko ba, babu inda ɗan talaka zai same shi kyauta. Alhazanmu da ke zuwa Guangzhou sarin kaya sun san abin da tafinta ke ci a kansu, kuma sun san ba duk abin da aka faɗa yake juya musu ba.

Abu ɗaya nake so uba ya bincika kafin ya sa hannu a takarda: shin malamin Sinancin zaunanne ne a makarantar? Wata ɗalibata ta yi shekara biyu tana koyo, ita ce ta ɗaya a ajinsu, sai aka canza wa mahaifinta wurin aiki. Makarantar da suka koma babu mai koyar da Sinanci, aka ce ta shiga ajin Sifaniyanci tare da waɗanda suka riga ta da shekara biyu. Har yanzu littafin alamominta yana cikin akwatinta, takan ɗauko shi ranar Lahadi.