Na Raba Yaro Da Fili, Ina Ganin Gata Nake Yi Masa

Ɗan ƙanwata ya dawo hannuna a Ƙauran Namoda bayan rasuwar mahaifinsa, lokacin da zaman ƙauyensu na wajen Zurmi ya gagara. Burinsa ɗaya ne, ya shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna. Na yi murna, na kuma ɗauki abin da zafi. Na sayo littattafai, na samo masa malamin lissafi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kullum bayan la'asar sai ya ɗauki takalminsa ya nufi fili, ba ya dawowa sai dab da magariba, sharkaf da gumi.

A watan Disamba na 2024 na ce masa ƙwallo ta ƙare. Bai yi mini musu ba. Da dare ya zo ya durƙusa, ya miƙo wayarsa, ya ce, "Kawu, don Allah duba wannan." Na ga wasu ƙarti da hulunan kwano, ɗaya ya rungume ƙwallo mai siffar gwanda yana gudu, saura na bangazar juna. Ya ce ɗaliban West Point ne, makarantar hafsoshin sojan ƙasa ta Amurka, suke karawa da na sojan ruwa.

Ban kalli ko minti ɗaya ba. Na ce, "Wasan ƙoshi ne. Su ba a kore musu shanu ba, ba a tare musu hanyar Shinkafi ba. Kai da za ka riƙe bindiga, me ya haɗa ka da tamaula?" Na karɓe takalmin na kulle a akwati.

Ya ci jarrabawar rubutu. Na yi ta faɗa a majalisa cewa tsarina ne ya yi aiki. Sai aka kira su tantancewa, inda ake duba lafiya, a gwada ƙarfi da gudu.

Ranar da ya dawo ina zaune a zaure. Ya gaishe ni, kansa a ƙasa. Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Kawu, numfashina ne ya ƙare. Da can irin wannan gudun ba ya ba ni wahala." Bai ƙara komai ba, bai kuma kalle ni ba. Kalmar "da can" ta tsaya mini a maƙogwaro, domin na san ranar da "can" ɗin ta ƙare, na kuma san a akwatin wa take. Watanni na zaunar da shi a kan tabarma, da hannuna na rage masa abin da ya fi kowa a kai.

A daren na nemi labarin wasan da na ƙi kallo. Tun 1890 makarantun biyu suke karawa. Janar MacArthur, da ya shugabanci West Point daga 1919 zuwa 1922, shi ya wajabta wa kowane ɗalibi shiga wasanni, bayan abin da ya gani a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Eisenhower, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, shi ma ya buga wa makarantar a 1912, kafin rauni a gwiwa ya tsayar da shi. A kakar 2024 'yan West Point sun ci wasa 12 cikin 14, sun ɗauki kofin rukuninsu da suka doke jami'ar Tulane 35 da 14, amma sojan ruwa suka lallasa su 31 da 13. Waɗannan samarin da na kira 'yan wasan ƙoshi, kowannensu aikin soja na aƙalla shekara 5 ke jiransa bayan kammala karatu.

Rashin sani bai dame ni kamar ƙin saurare ba. Ni malamin makaranta ne, littafi na sani, sai na auna aikin soja da mudun aji. Yaro ya kawo mini hujja cikin ladabi, na duba shekarunsa maimakon abin da ke hannunsa. Ban ma lura ba cewa filin nan ne kaɗai inda maraya yake dariya.

Na mayar masa da takalminsa, na nemi ya yafe mini. Yanzu da an idar da sallar asuba yake fita gudu, zai kuma sake cike fom.

Ɗan'uwa, idan akwai mai irin wannan buri a gidanka, ka raba masa yini tsakanin littafi da fili, in kuma ya miƙo maka waya ka kalla har ƙarshe.