Patel: Sunan Mai Gari Da Ya Zaga Duniya

Mai karatu, in ana maganar sunayen Indiyawa, waɗanda suka fi zama a kunnenmu su ne Khan da Kumar da Kapoor, albarkacin finafinan da muka tashi muna kallo a gidajen silima. To, amma akwai wani suna da bai cika fitowa a majigi ba, alhali kuwa shi ne ka fi cin karo da shi a jikin allon kanti da ƙofar ɗakin likita, tun daga Nairobi har Landan har ƙauyukan Amurka. Sunan shi ne Patel, wanda bakin Bahaushe zai fi jin daɗin furta shi Fatel. A wannan wata za mu bi sawunsa ne, daga ƙasar da aka haife shi zuwa wuraren da ya yada zango.

Tafiyar tamu za ta fara daga jihar Gujarat, a yammacin ƙasar Indiya, bakin tekun da ke fuskantar ƙasar Larabawa da gabashin Afirka. In ka shiga jirgin ƙasa a birnin Ahmedabad ka nufi kudu, kafin ka yi awa biyu za ka ratsa garin Nadiad ka iso Anand. Wannan yanki da ke tsakanin kogin Sabarmati da kogin Mahi shi ake kira Charotar. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai albarka, ba tudu ba dutse, duk inda ka duba gonakin taba ne da ayaba da shinkafa. Itatuwan mangwaro da darbejiya sun yi wa hanyoyi rumfa, kuma kada ka yi mamakin ganin darbejiya a can, don gida take, daga wannan nahiya aka kawo mana ita. Da asuba za ka ga mata ɗauke da madarar ɓaunar gida suna kai wa ma'auna. Ba a nan kaɗai ake samun masu sunan Patel ba, amma nan ne mahaifar da yawa daga waɗanda suka fitar da shi duniya.

Asalin kalmar ba sunan yanka ba ne, muƙami ne. Masana harshe suna danganta ta da wata tsohuwar kalmar Sanskirit, pattakila, wato wanda aka damƙa wa ƙasar sarki da takarda. A zamanin sarakunan Mugal da waɗanda suka biyo bayansu, har zuwa mulkin Turawan Ingila, Patel shi ne mai gari: shi ke tattara harajin gona ya kai wa hukuma, shi ke sasanta rigima, shi ake tambaya in wani abu ya ɓace a ƙauye. A jihar Maharashtra da ke maƙwabtaka, wannan muƙami ne ake kira Patil. Da tafiya ta yi tafiya sai 'ya'ya da jikoki suka riƙe kalmar ta zama sunan gida, ko da ba su taɓa karɓar harajin kowa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dubi yadda Galadima da Madaki da Waziri da Magaji suka tashi daga sarauta suka koma sunan da yaro ke rubutawa a bangon littafinsa na makaranta.

Akasarin masu sunan a Charotar manoma ne daga al'ummar da a da ake kira Kanbi. A ƙauyuka da yawa, tsarin da aka bi shi ne a raba ƙasar gari kashi-kashi tsakanin gidajen zuriya ɗaya, kowane gida ya san rabonsa, amma haraji kuwa a wuyansu yake baki ɗaya. In gida ɗaya ya gaza biya, sauran ne za su cike giɓin. Mai irin wannan rabo shi ake ce wa Patidar, wato mai kaso a ƙasa, kuma a ƙidayar da Turawa suka yi a 1931 aka rubuta al'ummar da wannan suna a hukumance. Ina so mai karatu ya riƙe wannan batu na ɗaukar nauyin juna, domin za mu sake haɗuwa da shi a can ƙetaren teku.

Kada kuma a ɗauka duk Patel mabiyin addinin Hindu ne. Tunda muƙami ne, duk wanda kakansa ya riƙe gari yana iya gadonsa. A gundumar Bharuch, kudu da Charotar, akwai ƙauyuka na Musulmi masu wannan suna, kuma jikokinsu da yawa suna zaune a garuruwan Blackburn da Bolton na arewacin Ingila. Marigayi Adam Patel, wanda ya zauna a majalisar dattawan Biritaniya, daga cikin Musulmin Gujarat ya fito.

Kaɗan yamma da Anand akwai garin Karamsad, inda Vallabhbhai Patel ya girma. An haife shi a Nadiad a 1875, ya yi aikin lauya, ya tsaya wa manoman Kheda a 1918 lokacin da suka ƙi biyan haraji bayan amfanin gona ya lalace, sa'an nan ya sake jagorantar manoman Bardoli a 1928, inda aka laƙaba masa Sardar, wato jagora. Bayan samun mulkin kai a 1947 shi ne mataimakin firayim minista na farko kuma ministan cikin gida, kuma shi ya sha ɗawainiyar shigo da masarautu fiye da 560 cikin ƙasa ɗaya kafin rasuwarsa a 1950. Mutum-mutuminsa da aka buɗe a 2018 a bakin kogin Narmada yana da tsawon mita 182. Abin lura a nan shi ne, zuriyar masu karɓar haraji ce ta fitar da wanda ya koya wa manoma ƙin biyansa. A Anand kuma, a 1946, Tribhuvandas Patel ya haɗa masu kiwo suka kafa ƙungiyar gama kai ta madara wadda ta haifi kamfanin Amul, kuma can matan nan na asuba ke kai madararsu.

To, me zai fitar da mutum daga ƙasa mai albarka irin wannan? Dalili na farko shi ne gado: gona ɗaya in aka raba ta tsakanin 'ya'ya maza, aka sake rabawa tsakanin jikoki, sai ta koma abin da ba zai ci da gida ba. Na biyu shi ne tsadar aure, domin gidajen da ke neman ɗaukaka sukan kashe dukiya mai yawa don aurar da 'ya mace a ƙauyuka masu daraja, musamman shida da aka fi ji da su: Nadiad da Karamsad da Dharmaj da Sojitra da Vaso da Bhadran. Na uku shi ne babbar yunwar 1899 zuwa 1900, wadda ta kashe mutane da dabbobi a Gujarat, ga kuma annoba da ta zo a wannan tsakani.

A daidai wannan lokaci Turawan Ingila suna shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa zuwa bakin tafkin Biktoriya, aikin da aka fara a 1896 aka kai Kisumu a 1901. Leburorin da aka kwaso daga Indiya, wajen 32,000, galibinsu mutanen Punjab ne, kuma mafi yawansu sun koma gida. 'Yan Charotar daga baya suka biyo, da ɗan iliminsu na boko, suka kama aikin akawu a tashar jirgi da gidan waya da ofisoshin gwamnati. Wanda ya tara ɗan jari sai ya buɗe kanti a wani ƙauye, ya aika gida a turo masa ƙane ko ɗan ɗan'uwa ya tsaya masa, shi ma bayan 'yan shekaru a ba shi kaya bashi ya buɗe nasa. Da haka suka shiga cinikin auduga da injinan gurzarta a Yuganda, suka bazu Kenya da Tanganyika da Zambiya. Wasu kuma jirgin ruwa ya kai su can tsibirin Fiji, inda lauya A. D. Patel ya zama jagoran siyasar Indiyawa har rasuwarsa a 1969.

Zaman gabashin Afirka bai ƙare da daɗi ba. Turawa sun jera mutane hawa uku, su a sama, Indiyawa a tsakiya, 'yan ƙasa a ƙasa, kuma Indiyawan da yawa sun zauna a unguwanninsu da makarantunsu, ba sa auratayya da maƙwabta. Bayan samun mulkin kai wannan ya zama abin ƙorafi, 'yan siyasa kuma suka same shi abin kamawa. A watan Agusta na 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Yuganda kwana 90 su bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a Kampala da Jinja, waɗansu ba su taɓa ganin Indiya ba, suka bar gida da kanti suka fita da akwati da ɗan abin da aka yarda su ɗauka. Kimanin 28,000 suka sauka a Biritaniya, waɗansu suka nufi Kanada da Indiya. Dattawan zango da suka ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Gana a 1969, wadda ta ba mutane mako biyu, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Zangonmu na gaba shi ne birnin Lesta, a tsakiyar Ingila. A 1972 majalisar birnin ta buga sanarwa a wata jaridar Yuganda tana roƙon masu gudun kada su zo, wai babu gidaje da guraben makaranta. Suka zo duk da haka, domin 'yan'uwansu da suka riga su fitowa daga Kenya suna can. Titin Belgrave, wanda a lokacin kantunansa ke rufewa, ya cika da masu sayar da zinariya da yadi da kayan zaƙi, har bikin fitilu na Diwali da ake yi a kansa ya yi suna. A sauran garuruwa kuma suka kama ƙananan kantunan unguwa masu sayar da jarida da madara, miji da mata da yara suna karɓa-karɓa daga asuba har dare. Ribar kuwa makaranta ta tafi, 'ya'yan suka fito likitoci da masu haɗa magani da akantoci. A ƙidayar 2011 masu sunan Patel a Biritaniya sun haura 100,000, kuma Priti Patel, wadda iyayenta suka zo daga Yuganda, ta riƙe ma'aikatar cikin gida daga 2019 zuwa 2022.

A Amurka kuwa sana'ar da aka san su da ita ita ce masaukin baƙi na bakin hanya, wanda ake kira motel. Dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa ga mutanen Asiya, sa'an nan tsadar man fetur ta shekarun 1970 ta rage matafiya, masu irin waɗannan masaukai suka riƙa sayar da su da araha. Sana'ar ta dace da baƙo mai iyali: gidan kwana yana cikin wurin aiki, ba kuɗin haya, shara da wanki da karɓar baƙi duk 'yan gida ne. Jari kuwa daga dangi da 'yan ƙauye ɗaya yake fitowa, sau da yawa ba takarda ba ruwa, sai amana, kuma wanda ya tsaya da ƙafarsa wajibinsa ne ya ɗaga na baya. Ga tsarin nan na Charotar ya sake fitowa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sun sha wariya daga bankuna da kamfanonin inshora, abin da ya sa suka kafa ƙungiyar masu otal ta AAHOA a 1989, wadda wani bincike na 2021 ya nuna 'ya'yanta ke da kusan kashi 60 cikin 100 na otal-otal ɗin ƙasar. A ƙidayar Amurka ta 2000 sunan Patel shi ne na 172 wajen yawa, a ta 2010 ya hau zuwa na 95, da mutum kusan 230,000.

Sai dai kada labarin nasara ya rufe mana ido. A 2015 dubban matasan Patidar sun cika titunan Ahmedabad suna neman a ware musu gurabe a jami'o'i da aikin gwamnati, domin noma ya daina riƙe su. A Janairun 2022 kuma aka tsinci gawar miji da mata da 'ya'yansu biyu, masu wannan suna daga wani ƙauyen Gujarat, sanyi ya kashe su a kan iyakar Kanada da Amurka suna ƙoƙarin ƙetarewa da ƙafa cikin dare. Manyan gidajen da na waje suka gina a ƙauye su ne ke hana na gida barci.

In ka koma Charotar ka shiga Dharmaj, za ka ga waɗannan gidaje, da yawa a kulle mafi yawan shekara, ga tituna masu tsabta da rassan banki fiye da goma a gari ɗaya ƙarami. Sai lokacin sanyi, wajen Disamba da Janairu, masu su ke dawowa daga Lesta da Shikago da Nairobi don biki da gaida tsofaffi, da yara masu jin Turanci fiye da Gujarati. Duk inda Patel biyu suka haɗu, tambayar farko ita ce, wane ƙauye? Da amsar ake sanin wanda za a ba bashi da wanda za a ba mata. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.