Nema wa Umma Injin Shara

Litinin

Hunturun bana ya zo da ƙarfinsa. A share falo da safe, kafin la'asar an iya rubuta suna da yatsa a kan talabijin. Yawancin ƙurar nan daga Bodele take tasowa, wani busasshen kwari a arewacin Chadi inda tafki ya taɓa kwanciya, iska ta kwaso ta har cikin ɗakunanmu a Kano. Umma ta ce ba ƙurar ce ta dame ta ba, sunkuyon ne. Bayanta ya daina jure tsintsiya, kuma ba ta yarda wani ya share mata ɗakin kwana. Yaya ya ce shi zai biya, ni in nemo injin shara marar waya, mai batir, wanda ba shi da nauyi.

Talata

Na sha karatu a intanet har idona ya yi ja. Kowane kamfani da irin ma'aunin da yake tallata ƙarfin zuƙarsa: wasu su rubuta Pa da dubbai, wasu AW da ɗaruruwa. Ba a haɗa su a faifai ɗaya. Pa ƙarfin jan ne kawai idan an toshe bakin injin, AW kuwa ya haɗa da yawan iskar da ke wucewa, wadda ita ce ke ɗaukar datti. Babbar lamba a jikin kwali ba ta gaya mini komai game da kafet ɗin Umma.

Batun minti ma haka. Dyson V8, wanda ya fito a 2016, yana kaiwa minti 40 a ƙaramin gudu, amma a mafi ƙarfi wajen minti 7 ne, sannan caji ya ci kusan awa 5. Sauran kamfanoni ma duk haka lissafinsu yake. A gidan da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, wannan ba ƙaramin zance ba ne, ko da yake cajar ba ta da cin wuta, inbatar gidan za ta ɗauke ta ba tare da ta yi kuka ba.

Laraba

Na tafi da Umma gidan wata ƙawata mai irin wannan injin, don ta riƙe da hannunta. Nan ne aka yi ta ta ƙare. A takarda kilo biyu da 'yan kai ne, nauyin da ko jikarta za ta ɗaga. Amma injin da batirin da kwandon dattin duk a sama suke, daidai wuyan hannu. Muddin bakinsa na kan tayil, ƙasa ce ke ɗauke da rabin nauyin, yana ta sulɓi. Da ta ɗaga shi za ta kamo yanar gizo a kusurwar silin, sai na ga hannun yana rawa, ta sa na hagu ta tallafe.

Ga kuma makunnin, irin kunamar bindiga, sai an danne da yatsa muddin ana aiki. Ba ta gama rabin falon ba ta saki.

“Ke, wannan ai na masu jini a jika ne. Ba wanda ake kunnawa a bar shi?”

“Akwai, Umma. Shi za mu nema.”

Alhamis

Ban fita ba, mura. Na dai karanta batun matatar ƙura. Wadda ake kira HEPA tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikuron 0.3, wato irin garin ƙurar da ido ba ya gani amma ƙirji ya san da shi. Injin da ba shi da matata ta kirki, ta gaba zai zuƙa ya feso ta baya. Idan irin wadda ake wankewa ce, ana wanke ta da ruwa zalla, a bar ta ta bushe awa 24 kafin a mayar, don haka mai guda ɗaya zai riƙa yin kwana guda ba shara. A hunturu, biyu ake bukata.

Asabar

Sabon Gari. Shago na farko duk na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Turai, fes a ido, farashi da sauƙi. Na tambayi mai shagon shekarun batirin, ya ce, “Hajiya, ai gwadawa za ki yi ki ji ƙara.” Ƙara ba ta faɗin minti nawa ya rage a cikinsa. Batirin lithium yana tsufa ko ana amfani da shi ko yana ajiye, zafi kuma yana ƙara masa sauri, ga shi a watan Afrilu garin nan yana haura digiri 40. Wanda batirinsa ya mutu kuma ba a samun wani, ya zama sandar rataye mayafi.

A wani shagon can ciki na samu sabo mai maɓalli, batirinsa ana zare shi da hannu ba sai an kwance noti ba. Kai biyu gare shi: mai laushi na tayil, da mai burushi na kafet. Na juya mai burushin na duba ko ana ciro sandarsa, saboda zaren kitson yaran nan da ke nannaɗe komai. Ana cirowa. Kwandon dattin ƙarami ne, bai kai rabin lita ba, za a riƙa zubarwa akai-akai. Wannan shi ne kuɗin rashin nauyi, na kuma yarda da cinikin. Kafin in biya sai da na sa yaron shagon ya ɗauko mini batirin ƙari da matata daga sito, na gan su da idona.

Lahadi

Mun kafa maratayinsa a lungun da rana ba ta shiga, nesa da kicin. Na nuna wa Umma abu biyu: kada ya sha ruwa ko kaɗan, kada kuma a zuƙi tokar kasko da shi sai an tabbatar ta huce sarai. Ta share ɗakinta a tsaye, ta bi dardumar salla sau biyu, sannan ta ɗaga kwandon tana kallon garin ƙurar da ya taru, ja-ja, mai laushi. Tsakar gida da zaure dai har yanzu na tsintsiyar kwakwa ne, yashi da ganyen darbejiya sun fi ƙarfin wannan kwandon. Silin kuma na ce ta bar wa jikokinta.