Yuro Ashirin a Granada

A tsakiyar birnin Granada, a kudancin Sifaniya, akwai wani siririn titi da ake kira Calle Oficios. A gefe guda akwai ɗakin ibadar da aka binne Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella, waɗanda suka karɓe birnin daga hannun Musulmi a Janairun 1492. Daura da shi kuma akwai ginin madarasar da Sarki Yusuf na Ɗaya ya kafa a 1349, wadda mihrabinta ke nan har yau. Wannan madarasa na zo gani. Na kammala wani taron 'yan jarida a wani gari da ke kusa, kwana biyu suka rage kafin jirgina, na ce ba zan koma Kano in ce na taka ƙasar Andalus ba tare da na leƙa Granada ba.

Ina tsaye ina neman ƙofar shiga sai wata dattijuwa mai baƙin siket ta miƙo mini ɗan reshen wani ganye mai ƙamshi, wanda Sifaniyawa ke kira romero. “Regalo, regalo,” in ji ta, wato kyauta. Tarbiyyar da aka yi mana ita ce ba a mayar da hannun babba, don haka na sa hannun dama na karɓa, har da ɗan rusunawa. Hannun bai dawo ba. Ta riƙe shi, ta juya tafin sama, ta fara bin layukansa da farcenta tana magana da sauri.

Sifaniyancin da na sani bai wuce kalma ashirin ba. Amma na ji “familia”. Na ji “mamá”, ta dafa ƙirjinta, ta girgiza kai. Ta nuna idonta da yatsa, sannan ta nuna bayana, kamar mai cewa akwai mai kallona da mugun nufi. Ta ɗaga yatsu biyu ta yi murmushi. Duka-duka abin bai kai minti uku ba.

Kwana huɗu kafin wannan rana an kwantar da mahaifiyata a asibiti saboda ciwon zuciya. Yayata ce ta hana ni katse tafiyar, ta ce jikin da sauƙi, in gama abin da ya kai ni. Saboda haka lokacin da matar nan ta ce “mamá” ta dafa ƙirji, sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a gadon baya.

Da ta gama ta buɗe nata tafin. Na ɗora mata tsabar yuro biyu. Ta mayar mini kamar na ba ta garwashi, ta yi mini alama da hannu cewa ƙarfe mugun abu yake jawowa, takarda take so. Kafin in ankara wasu mata biyu sun matso, muryoyi sun fara tashi, masu wucewa sun fara waiwaye. Na buɗe jakar kuɗina, mafi ƙanƙantar takardar da ke ciki ta yuro ashirin ce. Ban tuna ko ni na miƙa ko ita ta zare ba. Na dai san ta shafa mini albarka da harshenta, ta juya ga wasu Turawa biyu da ke tahowa.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne, shekaru kaɗan kafin nan na yi rahoto a kan 'yan damfarar tashoshin mota a gida, waɗanda za su tare mutum su ce sun hango sammu a jikinsa, su ce ya naɗe kuɗinsa a takarda a tofa masa addu'a, ya isa gida ya buɗe ya tarar da yankakkiyar jarida. Na zauna da waɗanda aka yi wa, na rubuta labarinsu, a raina kuwa ina mamakin yadda mai hankali zai faɗa irin wannan rami. Ga ni yanzu da digirina na aikin jarida, riƙe da ganye a bakin titi.

Tun daga lokacin na riƙa bin diddigin yadda abin ke aiki, don in fahimci inda aka kama ni.

Matakin farko shi ne kyautar. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Cialdini, a littafinsa na 1984 kan dabarun shawo kan mutane, ya kawo misalin mabiya Hare Krishna da ke cusa wa matafiya fure a filayen jiragen Amurka, su ƙi karɓa idan an mayar, sannan su nemi gudummawa. Mutane da yawa na bayarwa ko da ba sa son furen, har ma su jefa shi a kwandon shara bayan taku kaɗan. Wanda ya karɓa yana jin nauyin bashi ko bai roƙa ba. Mu da aka raina da cewa yaba kyauta tukuici, wannan tarko ya fi kama mu. Reshen ganyen kuma yana da wani aiki na biyu, mai sauƙi ƙwarai: yana sa ka miƙa hannu.

Mataki na biyu shi ne maganar kanta, kuma a nan na fi daɗewa ina tunani. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa gwajin halayya, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda ya ce sakamakonsa ne na kansa. Ya nemi su auna dacewar bayanin da halinsu, daga sifili zuwa biyar. Matsakaicin makin da suka bayar ya haura huɗu. Sai daga baya ya bayyana musu cewa takarda iri ɗaya kowa ya samu, kuma ya tsinto yawancin jimlolin ne daga wani littafin taurari da ya saya a wurin mai sayar da jaridu. Jimloli ne irin su mutum yana son a yaba masa amma yana yawan zargin kansa, ko yana da baiwar da bai gama amfani da ita ba. Wa zai ce wannan ba shi ba ne?

Wani masanin, Ray Hyman, ya yi sana'ar duban tafin hannu yana matashi, har ya yarda da ita da gaske. Wani gwanin dabo ya ba shi shawarar ya gwada faɗa wa mutane akasin abin da layukan suka nuna. Ya gwada, ya ga masu zuwa wurinsa sun ci gaba da mamakin yadda ya san su. Wannan ne ya karkatar da shi zuwa nazarin halayyar ɗan Adam, kuma a 1977 ya wallafa wata maƙala da ta yi fice kan yadda ake sa baƙo ya yarda an san sirrinsa. Jigon bayaninsa shi ne, mai sauraro ne ke yin mafi yawan aikin. Mai duba ya jefa magana mai faɗi, shi kuwa wanda ake yi wa ya shiga rumbun rayuwarsa ya nemo abin da ya dace da ita, ya manta da sauran da ba su dace ba.

Haka na yi. Matar nan ba ta ce mahaifiyata na asibiti ba. Ta ce “mamá”, ta dafa ƙirji. Wannan na iya nufin uwarka na ƙaunarka, ko tana kewarka, ko ta rasu tana ranka. Ni na cike sauran. Duk namiji mai shekara talatin da wani abu, da ke nesa da gida, yana da uwa mai tsufa ko uwar da ya rasa. Duk ma'aikaci yana zargin akwai mai yi masa hassada. Yatsu biyun nan kuwa, 'ya'yana uku ne, amma a lokacin ban tsaya ƙirgawa ba. Na kuma lura da wani abu da ban gani a littattafan ba: rashin jin harshenta ya taimaka mata. Da ta yi mini cikakkiyar jimla da Hausa, da wataƙila na kama kuskure a ciki. Da yake guntayen kalmomi ne da alamun hannu, ni na zama tafintan kaina, kuma na fassara da abin da ke damuna.

Batun ƙin tsaba ba shi da wani asiri. Mafi girman tsabar yuro ita ce biyu, mafi ƙanƙantar takarda kuwa biyar. Da zarar an haramta ƙarfe, farashi ya ninka, kuma dole ka buɗe jaka a gabanta ta ga abin da ke ciki.

Sai kuma baƙunta. A Kano na san ɗan damfara daga yanayin sallamarsa. A Granada ban san wace murya ce ta faɗa ba, wace ce ta ciniki, ban san ko abin da ake yi mini al'ada ce da ƙin ta zai zama rashin kunya ba. Akwai kuma wani lissafi da Bature mai yawon buɗe ido ba lallai ya yi ba, amma ni na yi shi cikin daƙiƙa guda: baƙin mutum ɗan Najeriya, da bizar kwanaki a aljihu, yana sa-in-sa da tsohuwa 'yar gari a bakin coci. Idan ɗan sanda ya zo, wa zai fara tambaya? Na ga yuro ashirin ya fi mini arha da jiran amsar. Ban ce matar ta yi wannan lissafin ba, amma ta daɗe a titin da za ta gane wanda ba ya son hayaniya.

Kowane birni da nasa salon. Wani abokin aikina da ya je Bangkok ya ba ni labarin masu rawani da ke tare baƙi a titin Khao San, su ce fuskarka ta masu sa'a ce. Mutumin zai rubuta wani abu a 'yar takarda, ya dunƙule, ya ba ka ka riƙe. Sai ya tambaye ka launin da ka fi so da wata lamba, yana rubutawa a littafinsa. Daga nan ya ce ka hura wa takardar iska ko ka ɗora a goshi, a cikin wannan kai-komon ya musanya ta da wadda ya rubuta bayan ka ba shi amsa. Ka buɗe ka ga zaɓinka. Wannan tsohon dabo ne na masu wasa a dandali, an cire masa tafi da dariya an sa masa farashi.

Abin da ake yi a bakin titi ƙaramin alhaki ne idan aka kwatanta da inda hanyar ke kaiwa. Idan mai duba yana da shago, duban farko mai arha gwaji ne kawai, don a gano wanda ke ɗauke da baƙin ciki. Sai a ce masa akwai la'ana a kansa, kuma kuɗinsa ne suka ɗauki dattin, ya kawo a tsarkake a mayar masa. A 2013 wata kotun tarayya a jihar Florida ta sami wata mai duba, Rose Marks, da laifin zamba, daga baya aka yanke mata ɗaurin shekara goma da ɗoriya. Cikin waɗanda suka ba da shaida har da marubuciyar littattafan soyayya Jude Deveraux, wadda ta yi asarar miliyoyin daloli a tsawon shekaru, ciki har da lokacin da take jimamin mutuwar ƙaramin ɗanta. Mace ce da sana'arta ƙirƙirar labari. A jihar New York kuwa, karɓar kuɗi don duba laifi ne a doka, sai dai idan an bayyana cewa don nishaɗi ake yi, shi ya sa za ka ga an rubuta hakan a ƙofar shagunan.

Dole in faɗi wani abu game da matan nan, domin shafukan matafiya sun cika da zagin ƙabilarsu baki ɗaya. Galibi ana danganta su da al'ummar Roma, waɗanda a Sifaniya ake kira gitanos. Sun shigo ƙasar tun wajen 1425. A 1499 waɗancan sarakuna biyu da ke kwance a bayan bangon da na tsaya suka kafa dokar tilasta musu zama wuri guda ko a kore su, a 1749 kuma aka yi musu kamen gama-gari, aka raba maza da mata, aka tura dubbai aikin ƙarfi. Mafi yawan jikokinsu a yau ba su da wata alaƙa da duba. Ɗan Najeriyar da aka taɓa tsarewa a filin jirgi saboda launin fasfonsa ya kamata ya fi kowa sanin zafin a shafa wa al'umma kashin kaji saboda laifin kaɗan. Wannan bai wanke matar da ta karɓi kuɗina ba. Ta ga tsoro a fuskata ta sayar mini da shi.

Da yamma na hau unguwar Albaicín, na yi sallar magariba a masallacin da aka buɗe a 2003, wanda lambunsa ke fuskantar Alhambra. Na san hadisin da ke gargaɗin cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Na yi ta ba kaina uzuri cewa ni ban je ba, tare ni aka yi, ban kuma tambayi komai ba. Amma na san akwai 'yan daƙiƙun da na gaskata ta, kuma ko a cikin sahu maganar ba ta sake ni ba. Duk abin da na karanta daga baya, na Forer da na Hyman, da na san shi a daren nan ma ba na jin zai hana ni ciro waya.

Yayata ce ta ɗauka. Na ce, “Yaya, don Allah ki faɗa mini gaskiya, ya jikin Hajiya?”

Ta ce, “Ba ɗazu da rana muka yi magana ba? Ga ta nan tana shan kunu. Lafiya kake kuwa?”

Ta miƙa mata wayar. Na gaishe ta, ta amsa da muryar da ta fi ta jiya ƙarfi, ta tambaye ni ko ina samun abin da zan ci a ƙasar mutane. Na ce ina samu. Ta ce in kula da kaina, in yi hankali da kuɗina, don ta ji an ce can ma akwai ɓarayi. Na ce to, Hajiya.

Ban ba ta labarin ba, har yau. An sallame ta mako guda bayan dawowata, tana shan magungunanta, wata rana da sauƙi wata rana a kwance. Reshen ganyen kuwa matata ce ta tsince shi a aljihun rigar sanyina lokacin da za ta kai wanki, ya bushe amma da sauran ƙamshi. Ta tambaye ni mene ne. Na ce wani ganye ne da suke sa wa nama a can. Ta shinshina, ta ce ai kuwa zai yi daɗi a farfesu, nawa na saya?