Wanda Ya San Lambarka Ba Kai Ba Ne

A shekarar 1936 Amurka ta fara raba wa ma'aikatanta lamba mai alƙaluma tara, wadda aka fi sani da SSN. Manufarta ɗaya ce tak: gwamnati ta san abin da kowa ya samu na albashi, domin ta lissafa masa fansho idan tsufa ya zo. Daga 1946 zuwa 1972 ma an riƙa rubutawa a jikin katin cewa ba na shaidar mutum ba ne. Amma bankuna da asibitoci da masu ba da bashi suka ga banza ta faɗi. Sannu a hankali, duk wanda ya iya karanto lambar sai a ɗauka shi ne mai ita. Da aka yi kutse a kamfanin Equifax a 2017, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita, kuma lamba ce da ba kasafai ake canza ta ba.

Kuskuren shi ne haɗa ayyuka biyu a kan abu guda. Aikin lamba shi ne ta bambanta wannan Musa da wancan Musa. Tabbatar da cewa mai magana shi ne Musan wani aiki ne dabam, kuma abin da aka riga aka faɗa wa ofisoshi ɗari ba zai iya shi ba.

Estoniya, ƙaramar ƙasa a arewacin Turai, ta raba ayyukan biyu tun da wuri. Lambarta mai alƙaluma 11 ba ta ɓoye komai: na farko yana nuna jinsi da ƙarnin haihuwa, shida na gaba kuma ranar haihuwa ce. Saninta ba ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Ƙofar tana ga katin da aka fara bayarwa a 2002, mai ɗauke da ƙwaƙwalwar lantarki da lambobin sirri biyu, ɗaya na shiga, ɗaya na sa hannu, kuma doka ta daidaita wannan sa hannun da na alƙalami.

Indiya ta jingina da jikin mutum. Aadhaar alƙaluma 12 ce da ba su da ma'ana a karan kansu, an ɗaure su da zanen yatsu goma da ƙwayar ido. Dabara ce mai kyau a takarda. Sai dai leburan da aikin ƙarfi ya goge wa zanen yatsa yana iya tsayawa a shagon rabon hatsi na gwamnati, na'ura ta ce ba ta san shi ba. A 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da tsarin, amma ta hana tilasta shi wajen buɗe asusun banki da sayen layin waya.

Najeriya tana da rumbun zanen yatsu irin na Indiya, amma ɗabi'ar da ke girma a tsakanin jama'a ta Amurka ce. Tun da aka umarci a haɗa NIN da layukan waya a Disambar 2020, lambar ta shiga kowane fom. Hukumar NIMC ta fito da lambar wucin-gadi da ake iya bayarwa a madadin ta ainihi. Duk da haka mai neman aiki yana tura hoton takardarsa ta WhatsApp ga wakilin da bai taɓa gani ba, wani kwafin kuma yana kwance a kwandon shagon da ya buga masa ita.