Daga Sabon Gari Zuwa Samaru da Kunne

'Yan'uwana mata, in kun tashi zuwa Samaru daga Sabon Gari, ku yi sammako, ku bar wa kunnuwanku tafiyar. A bakin kasuwa da wajen tashar jirgin ƙasa, kafin babura su farka, za ku ji hankaka da kurciya, da hasbiya bisa rufin kwano. Da hantsi ya yi kuwa, shi ke nan, injin niƙa da kakakin mota sun binne su.

Ku wuce Kwangila, ku bi hanyar Sakkwato. Samaru wata duniya ce. Tun 1922 aka kafa gonar gwaji a nan, aka zo aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, itatuwa kuma suka samu wanda zai bar su su tsufa. A gefen madatsar Kubanni za ku ji fakara da ragon maza da cilakowa, kowa da nasa bakin. A wannan jami'a wani Bature, Hilary Fry, ya yi shekaru yana bin wani ɗan koren tsuntsu mai jan maƙogwaro, wanda ke haƙa rami a gaɓar rafi. A 1964 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya. Kayan aikinsu tabarau mai jawo nesa ne da littafi, sai ƙafa.

To, yanzu an samu mai gadi wanda ba ya gyangyaɗi. Wani ɗan akwati ne, AudioMoth, wanda aka ƙera a Ingila, bai cika tafin hannu ba. A sa masa batir, a ɗaure shi jikin itace, a gaya masa lokutan da zai saurara, sai ya yi makonni yana ɗaukar kuka, har na mujiya da yautai da tsakar dare. Sa'an nan a ba kwamfuta, wata manhaja mai suna BirdNET ta ce wane ne ya yi kuka. Amma ta fi sanin tsuntsayen Turai da Amurka, namu kam sai mai kunne ya bi bayanta. Masu irin wannan ilmi muna da su a cibiyar APLORI ta kusa da Jos.

Lalle ina son a rataya ɗaya a Kubanni, ɗaya a Sabon Gari, a adana abin da suka ji, don a gwada da na shekaru goma masu zuwa. Sai dai akwati ba ya ƙirga wanda bai yi magana ba. Shamuwa takan sauka gabanin damina ba ta ce uffan ba. Ungulu ma haka, ga shi tun 2015 an sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Ku tambayi iyayenmu masu zuwa mahauta rabonsu da ganin ta a kan katanga, ku rubuta shekarar da suka faɗa.